Yayana Ya Ce Rabin Kamfanin Takalmina Nasa Ne

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29. Shekara huɗu da suka wuce na fara sana'ar takalmin fata, na maza da na mata, bayan na gama karatu na rasa aiki. Ni ke zana samfur, ni ke zaɓen fata, ni ke talla a waya. Yanka da ɗinki kuwa wani baduku ne da ya girme ni sosai, wanda ya yarda ya fara aiki da ni tun ba ni da komai. A wani ɗaki na gidanmu muka fara. Kuɗin da na sayi keken ɗinki na farko da fatar wata biyu Yayana ne ya ba ni. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ungo, je ki gwada, Allah ya sa albarka.” Ba mu rubuta komai ba. A shekarar farko shi yake zuba takalman a mota ya kai wa abokan aikinsa, bai taɓa karɓar ko la'ada ba. Watan farko ƙafa 12 muka sayar. Yanzu muna fitar da kusan ƙafa 600 a wata, da ma'aikata 9, sunan kuma ya fara shiga bakin mutane.

Kwanan baya wani ɗan kasuwa ya zo ya ce zai zuba kuɗi masu yawa ya karɓi kashi 40 cikin 100, mu koma ƙafa 3,000 a wata, yawancin aikin ya koma na inji. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in ba shi amsa. Na gaya wa Yaya cikin murna, sai ya ce kafin a sayar da komai a fara ware masa rabinsa, tunda da kuɗinsa aka kafa. Na ce zan mayar masa da kuɗinsa har da ninki. Ya ce, “Ni ba bashi na ba ki ba.” Tun ranar da ƙyar yake amsa gaisuwata. Umma ta ce in ba shi abin da yake so a zauna lafiya. Shi ma badukun ya ji ƙishin-ƙishin, ya fara cewa zai je ya buɗe nasa. Ba na iya barci. Ina son Yayana, amma ni na san dararen da na raba ina shafa gam ina amsa saƙon kwastoma. Butulci nake yi? In ba shi rabin, ko in tsaya a kan bakana? Me kuma zan ce wa mai kuɗin?

Daga ƙanwarki mai takalma.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara sauke miki nauyi ɗaya: ba butulci kike yi ba. Butulu barcinsa yake sha har da minshari, ba ya zama ya rubuta wasiƙa yana lissafa alherin da aka yi masa, har da kai takalmi ofis da ba wanda ya tambaye shi labarinsa. Sai dai ba zan rufe ki ba, akwai inda kika taka Yaya ba ki sani ba. Akwai kuma mutumin da kika ambaci barazanarsa a layi ɗaya tak, alhali shi ya fi kowa tayar mini da hankali a wasiƙar nan. Wanda ya ba ki wa'adin ƙarshen wata kuwa shi ne na ƙarshe a layi, duk da na san shi ya fi cika miki kunne.

Mu fara da kuɗin. Abin da ɗan'uwa ya miƙa wa ɗan'uwa don sana'a ba ya wuce ɗayan uku: kyauta, rance ko jari. Tunda ba ku sa masa suna ranar ba, ga hanyar gane shi. Ki mayar da kanki shekarar farko, ki ɗauka sana'ar ta rushe, keken ya lalace, fatar ta ƙare, takalman suna jibge ba mai taya su. Me Yaya zai ce a lokacin? In zai ce, “Bar shi, Allah ya mayar da alheri,” kyauta ce. In zai ce, “Ki biya ni a hankali in kin samu,” rance ne. In kuwa zai ce, “Asararmu ce, mu sake lale,” to jari ya zuba. Abokin tarayya a ranar asara ake gane shi, don ranar riba kowa ma ɗan gida ne. Malaman fiƙihu da suka yi bayanin ƙiradi, inda ɗaya ke kawo dukiya ɗaya ke kawo aiki, sun shar'anta a faɗi kason riba tun ranar ƙulla shi, saboda irin wannan ranar da kuke ciki. Ku ba ku faɗa ba. “Je ki gwada” ya fi kama da maganar wa mai son ƙanwarsa ta tsaya da ƙafarta. Ba ki kuma ce mini ya taɓa neman a nuna masa lissafi ko ya ƙara kuɗi a watan da ciniki ya mutu ba. Don haka a ganina maganar rabi ba ta da tushe.

Amma rashin tushen rabi bai mayar da Yaya bare ba. Ki tsaya a inda yake tsaye ki duba. Ranar da ba bankin da zai saurare ki, ba ɗan kasuwar da zai kalli zanenki sau biyu, shi ya ciro kuɗinsa ya ba ki. Ya sa sunansa da mutuncinsa a gaban abokan aikinsa ya ce su sayi takalmin ƙanwarsa, wanda da ya ɓalle a ƙafar ɗayansu shi za a yi wa dariya. Shekara huɗu bai ce komai ba. Sai ga wani da ya zo jiya ana maganar ba shi kashi 40, shi kuma an ce masa ga kuɗinka har da ninki. Ke kyautatawa kika nufa. Shi sallama ya ji, irin wadda ake yi wa ɗan ƙwadago in aiki ya ƙare. Ina kyautata zaton “rabi” ba daga lissafi ya fito ba, daga ciwon nan ya fito. Mutum in ya ji an rage masa daraja yakan kira farashin da ya san ba za a biya ba, don dai a san yana wurin.

Dole in ba ki labarin wasu 'yan'uwa biyu, domin duk mai sana'ar takalmi ya kamata ya san shi. A wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Herzogenaurach, wani matashi Adolf Dassler, wanda ake kira Adi, ya fara haɗa takalman wasanni a ɗakin wankin mahaifiyarsa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wansa Rudolf ya shigo, suka kafa kamfani a 1924. Ƙanen ne mai hannu, wan ne mai baki da iya ciniki, kamar an yi kowa don ɗan'uwansa. Kafin gasar Olamfik ta 1936 takalmansu sun kai ƙafar manyan 'yan tsere. Zargi da zaman gida ɗaya da wahalar yaƙi suka yi ta cin zumuncin a hankali, har a 1948 suka raba injina da ma'aikata. Rudolf ya haye kogin Aurach ya kafa Puma, Adi ya yi wa Adidas rajista a 1949. Garin kansa ya rabe biyu, har ana cewa mutanensa sai sun sunkuya sun dubi takalmin mutum kafin su san ko za su yi masa magana. Rudolf ya rasu a 1974, Adi a 1978, ba su shirya ba, kuma a maƙabarta ɗaya aka binne su nesa da juna. Kamfanonin biyu duk sun yi arziki na ban mamaki. Abin da ya mutu shi ne gidan. Na kawo miki shi ne don ki san cewa sana'arki za ta iya rayuwa ba Yaya, sarai ma kuwa, kuma wannan ba abin murna ba ne. Shi ne ma haɗarin, don ba abin da zai tilasta muku shiryawa sai ku da kanku.

To me za a ba shi? Ni dai da ni ce, kaso na gaske zan ba shi, a rubuce, tsakanin kashi 10 zuwa 15, in kira shi da sunansa: haƙƙin wanda ya fara yarda da ni, da ladan shekarar da ya yi yana talla. Yana karɓar rabonsa duk lokacin da aka raba riba, ana nuna masa lissafi sau ɗaya ko biyu a shekara, amma tafiyar da aiki na hannunki. In ya fi son kuɗi a hannu, a ƙimanta abin da keken nan da fatar wata biyu za su ci a yau, ba adadin da ya miƙa miki shekara huɗu baya ba, a ɗora masa ƙari mai kauri a matsayin sulhu, a biya a kashi-kashi yadda ba zai karya jari ba. Akwai hanya ta uku a tsakani: ya riƙa karɓar wani kaso na riba na shekara uku ko biyar, sannan magana ta ƙare. Ki ajiye masa ukun ya zaɓa. Wanda aka ba zaɓi ba ya jin an sallame shi.

Rabi kuwa kada ki yarda, ko da kunya ta kama ki. Ki yi lissafin da kanki. In kin ba Yaya rabi, sannan mai kuɗin ya karɓi 40 cikin 100, ke 30, Yaya 30, baƙo 40. Wanda ya zo jiya ya zama mafi girman kaso a kamfanin da kika haifa, kuma duk ranar da ku biyu kuka saɓa, shi ne alƙali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko ba baƙo ma, rabi da rabi ƙulli ne, in ɗaya ya ce e ɗaya ya ce a'a sai aiki ya tsaya cak. Waɗanda suka kafa kamfanin da daga baya ya zama Nike sun hango wannan. A 1964 Phil Knight da tsohon kocinsa Bill Bowerman kowa ya sa dala 500, suka yi musafaha, suna shigo da takalman Onitsuka daga Japan, Knight na sayarwa a bayan motarsa a filayen tsere. Kuɗi daidai suka sa, amma da aka zauna gaban lauya sai aka rubuta Knight 51, Bowerman 49, domin Knight ne zai kwana ya tashi da aikin. Malami ne da ɗalibinsa, akwai girmamawa da yarda, duk da haka ba su bar maganar a musafaha ba.

Umma kuma ki tausaya mata, kada ki mayar da ita alƙali. Ita ba kamfani take gani ba, 'ya'yanta biyu take gani ba sa gaisawa, kuma ta san ke ce mai saurin haƙuri, shi ya sa ta zo ta wurinki. Ki gaya mata cikin ladabi cewa kin ji, za ki ba Yaya haƙƙinsa har ki ƙara, amma zaman lafiyar da aka saya da abin da zuciya ba ta yafe ba, bayan shekara biyu gaba yake komawa. Ki roƙe ta addu'a, ki kuma roƙe ta ta zaɓar muku mutum ɗaya da ku biyu kuke jin nauyinsa, Kawu ko Baffa, musamman wanda ya taɓa riƙe kasuwanci. In kuna son kwanciyar hankali ta fuskar addini, ku je wurin malamin da ya san babin ciniki, ku biyu tare, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta, a sa hannu, a sa shaidu. In wani ya ce rubutu tsakanin wa da ƙanwa rashin yarda ne, ki tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Yanzu ga wanda na ce ya fi tayar mini da hankali. Ƙanwata, in Yaya ya yi fushi, gobe za a fitar da takalmi. In mai kuɗin ya tafi, gobe za a fitar da takalmi. In badukun nan ya naɗe kayan aikinsa fa? Mutanen da ke dawowa su sake saye ba don hoton da kika ɗora kaɗai suke dawowa ba. Suna dawowa ne don takalmin bai ci musu dunduniya ba, ɗinkin bai saki ba, tafin bai ɓanɓare ba bayan wata uku. Wannan a hannunsa yake: yadda yake gane wane ɓangaren fata ne zai miƙe da wanda zai riƙe, tsawon lokacin da yake barin gam ya sha iska kafin ya haɗa, ɗan ƙarin da yake bari a wurin yatsu wanda ba ya cikin zanenki. Shi kuma me ya ji? Ya ji ana raba kamfani tsakanin mai keke da mai kuɗi ba a ambaci sunansa ba, ya kuma ji za a kawo inji. A kunnen mai aikin hannu, inji sunan wanda zai gaje shi ne. Kuma a bakin wasu ya ji, ba a bakinki ba. Wannan kuskurenki ne, ki gyara shi cikin makon nan, tun kafin ma ki zauna da Yaya.

Ki same shi shi kaɗai, da girmamawar da kika saba yi masa, ki ce Baba ba a yanke komai ba, kuma ba za a yanke ba sai da saninka. Sannan ki tambaye shi abin da yake so, ki yi shiru ki saurara. Wataƙila kaso yake so, wataƙila ƙarin albashi, wataƙila kawai a san shi ne shugaban masu ɗinki, maganarsa ce ta ƙarshe a kan inganci. Abin da nake ganin ya dace shi ne a haɗa masa: albashi mai kyau, ɗan lada a kan kowace ƙafa da ta fita ba a dawo da ita ba, da kaso har zuwa kashi 10 wanda ba a rana ɗaya zai zama nasa ba, sai a hankali, rubu'i duk shekara har shekara huɗu, muddin yana nan yana kuma koya wa yara. A rubuta cewa zane da kwalayen yanka da sunan kamfani na kamfani ne, ki kuma ajiye kwafin kowane kwali a wurinki. Akwai wani abu a tarihin Nike da nake so. Alamar nan tasu da duniya ta sani wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana ta a 1971 aka biya ta dala 35. An biya, magana ta ƙare, ba wanda ke bin wani. Amma a 1983 suka kira ta suka ba ta zoben zinariya mai siffar alamar da hannun jari a kamfanin. Su shekara 12 suka ɗauka. Ke ba ki da wannan lokacin, don naki yana bakin ƙofa. In kuma duk da haka ya ce tafiya zai yi, kada ki tsare shi da gori. Gwaninta a hannunsa take, ba ki da makullinta. Ku rabu da mutunci, ki ma riƙa ba shi oda yana yi miki a shagonsa.

Sai mai kuɗin. Ban ce mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, ya ga abu mai kyau yana so ya saya kafin ya yi tsada. Tambaya ɗaya za ki fara yi wa kanki: ƙafa 2,400 da za a ƙara duk wata, wa zai saye su? In a watanni shida da suka wuce kina mayar da oda saboda hannu bai isa ba, ki ƙirga ko ƙafa nawa ce. Wannan adadin shi ne girman da kasuwa ta riga ta roƙe ki. Abin da ya haura shi hasashe ne kawai. Takalmi kuma mugun kaya ne wajen ajiya, kin fi ni sani. Samfur ɗaya mai lambobi 7 daban-daban da kala 4 ya zama iri 28. Samfur 10, iri 280. Lambobin tsakiya su ƙare cikin mako, manya da ƙanana su zauna a sito suna shan ƙura, kuɗinki na kwance a cikinsu. Fata da tafi da gam da albashi duk kafin a sayar ake biya, 'yan sari kuwa sai sun sayar su kawo. Shi ya sa kamfanin takalmi zai iya yin riba a takarda alhali aljihu wayam, kuma ƙara girma ƙara yunwar kuɗi ne. Crocs, masu takalman roba, sun fara da ƙafa 200 a wani bikin baje kolin jiragen ruwa a 2002, zuwa 2007 cinikinsu ya kai dala miliyan 847, suka buɗe wuta suna ta bugawa. A 2008 kaya suka yi kwantai, suka tafka asarar kusan dala miliyan 185, da ƙyar suka sha. Allbirds, masu takalmin gashin tumaki da suka fito a 2016, darajarsu ta kai wajen dala biliyan 4 ranar da suka shiga kasuwar hannun jari a 2021, suka bazu cikin tufafi da shaguna, cikin shekara biyu fiye da kashi 90 na darajar ya zube. Waɗannan ba kuɗi suka rasa ba.

Ki kuma tambayi kanki me mutane ke saye a wurinki. In aikin hannu ne, ranar da kika koma na inji kin shiga kasuwar manyan masana'antu, inda araha kaɗai ke magana, kuma a can ba za ki kayar da su ba. Bethlehem Tilahun Alemu ta Habasha ta fara soleRebels a filin kakarta a wata unguwa ta Adis Ababa, da tafin tsohuwar taya da saƙar hannu, kuma aikin hannun ne ya kai takalmanta ƙasashen waje. Ba cewa nake inji haramun ne ba. Injin yanka ko na matse tafi zai rage muku wahala ba tare da ya taɓa ɗinkin ba, kuma Baba ne zai gaya miki wanne zai taimaka, wanne zai ɓata.

Don haka ki ce wa mutumin kin gode, kina so, amma kina bukatar wata uku ki daidaita takardunki. Mai son kamfanin da gaske zai jira, don shi ma ba ya son sayen abin da ake rigima a kansa. Wanda ya ce yau ko a fasa, ya gaya miki irin zaman da za ku yi. A wata ukun nan ki yi rajistar kamfani da tambari da sunan da ya dace in ba ki yi ba, ki raba asusun kamfani da na aljihunki, ki yanka wa kanki albashi, ki sa akanta ya fitar miki da ribar gaskiya ta shekara, ki tabbatar layin waya da shafukan talla a hannunki suke. Sai ki duba tayinsa da idon lissafi: kuɗin da ya kira a kan kashi 40, ki ninka shi biyu da rabi, shi ne farashin da ya yi wa kamfanin gaba ɗaya. Ki auna shi da ribar shekara ki ga ko shekara nawa ya saya. Sannan ki mayar masa da naki tayin. Zai iya ɗaukar nauyin oda ɗaya babba ku raba ribarta, ku ga halin juna. Zai iya zama babban ɗan sarinki, yana ba da kafin alƙalami. In kaso ne dole, kashi 20, kuɗin kuma ya shigo mataki-mataki gwargwadon yadda ciniki ya ƙaru. Da Yaya 15, Baba 10, ke 75, in aka ba shi 20 za ki tsaya a 60, Yaya 12, Baba 8. Lauyanki ne zai karanta takardar, ba nasa ba, ya duba miki musamman wa ke da ikon cire shugaba, wa ke sa hannu a banki, da abin da zai faru in ɗaya yana son fita.

Zaman Yaya kuwa kada ya zama a waya, kada kuma ya zama a ɗakin Umma. Ki je gidansa. Ranar farko kada ki kira lamba ko ɗaya. Ki ce, “Yaya, na yi kuskure da na ce zan mayar maka da kuɗinka, abin da ka yi mini ba na mayarwa ba ne. Na dakatar da maganar mutumin nan sai mun gama tamu.” Wannan jimlar ta biyu ita ce yake jira, don ita ke nuna masa wa ke gaba. Ki bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa, ko da ya haɗa da wanda ba haka aka yi ba, kada ki gyara masa a ranar. Maganar kaso sai zama na biyu, gaban Kawu. Zai yiwu ya kafe a kan rabi har a can. In haka ta faru, kada ki sa hannu a komai da kowa, ki rubuta tayinki ki ba Kawu ya riƙe, ki riƙa ware kason da kika yi niyya kina ajiyewa da sunansa, ki ci gaba da gaisuwa ko ya amsa ko bai amsa ba. Fushin wa a kan ƙanwa ba kasafai yake jure gaisuwar kullum ba.

Kuma in za ki je, kada ki je hannu rabbana. An ce zumunci a ƙafa yake, ke kuwa abin ƙafa kike yi. Ki sa Baba ya ɗinka masa ƙafa ɗaya da hannunsa, irin samfurin farkon nan da ya riƙa kai wa abokan aikinsa. Lambarsa dai na san ba sai kin tambaya ba.